Kankaren Filin Olamfik na Landan: Yadda Sharar Masana'antu Ta Shiga Cikin Gini

A ranar 6 ga watan Yulin 2005 ne kwamitin wasannin Olamfik na duniya, a zaman da ya yi a Singafo, ya bai wa birnin Landan damar karɓar baƙuncin wasannin 2012. Wurin da aka ware domin aikin ba fili ba ne da ke zaune yana jiran magina. Yanki ne mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 2.5 a unguwar Stratford ta gabashin birnin, a kwarin kogin Lea, inda masana'antun sinadarai da wuraren gyaran jirgin ƙasa da jujin shara suka shafe fiye da shekara 100 suna zubar da dattinsu, har ƙasar wurin ta sha man fetur da kwalta da dalma da sauran guba ta ƙoshi. Kafin a aza tubali ɗaya sai da aka rushe gine-gine fiye da 200, aka tuge manyan turakun lantarki 52 aka mayar da wayoyinsu cikin ramuka na ƙarƙashin ƙasa, sannan aka tono ƙasa kusan tan miliyan 2 aka tsabtace ta, aka mayar da mafi yawanta cikin aikin. Tun ranar farko da shara aka fara, saboda haka maganar yadda za a yi da ita ta bi aikin har zuwa cikin kwaɓin kankare.

Hukumar da gwamnatin Birtaniya ta kafa a 2006 domin gina filin, wadda aka fi sani da ODA, ta fitar da tsarinta na kula da muhalli a watan Janairun 2007, tun manyan gine-ginen suna kan takarda. A cikinsa ta ɗaure kanta da alƙaluma. Aƙalla kashi 90 cikin 100 na ɓaraguzan da rusau zai haifar, bisa nauyi, dole a sake amfani da su ko a sarrafa su. Kashi 20 na kayan gini, bisa darajar kuɗi, dole su fito daga abin da aka taɓa amfani da shi. Kashi 25 na tsakuwa da yashi kada su zama sabbin haƙa. Kuma rabin kayan aikin, bisa nauyi, su shigo ta jirgin ƙasa ko ta ruwa. Alkawarin kare muhalli abu ne da kowane babban aiki ke yi a ranar buɗe shi. Abin da ya bambanta wannan shi ne an rubuta shi da lambobin da za a iya aunawa, an shigar da shi cikin takardun kwangila, kuma an kafa wani kwamiti mai zaman kansa a ƙarƙashin Shaun McCarthy wanda aikinsa shi ne bin diddigi da faɗa wa jama'a inda aka cika da inda aka gaza.

Kafin a fahimci abin da aka yi da kankare, akwai bambanci guda da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin duk labarin a kansa yake tafiya. Kankare haɗi ne na tsakuwa da yashi da ruwa da siminti. Tsakuwa da yashi su ne suka cinye kusan kashi uku cikin huɗu na jikinsa, siminti kuwa bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, amma shi ne ke ɗauke da mafi yawan iskar kabon da ake fitarwa kafin kankaren ya samu. Dalili kuwa yana cikin yadda ake yin sa. Ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a cikin tanderu mai zafin kusan digiri 1,450, kuma ba makamashin da ake ƙonawa kaɗai ke fitar da hayaƙi ba, shi kansa dutsen idan ya ji wuta yakan rabu biyu ya saki iskar kabon da ke cikinsa, wadda ita ce ta fi rabin abin da masana'antar ke fitarwa. Ko da an sauya kwal da wani makamashi mai tsabta, wannan kason yana nan. Kowane tan na tsantsar simintin Portland, irin wanda Joseph Aspdin na garin Leeds ya yi wa rajista a 1824, yana zuwa da kilo 800 zuwa 900 na iskar kabon, alhali tan guda na tsakuwa bai kai ko kilo 10 ba. Shi ya sa ake ƙiyasta cewa siminti kaɗai ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya. Ashe ke nan matsaloli biyu ne daban a cikin kwaɓi ɗaya: musanya tsakuwa yana rage fasa duwatsu da cika juji, musanya siminti kuma shi ne ke rage hayaƙi. Wanda ya cakuɗa su zai yaba wa aikin a inda bai kamata ba.

Dole kuma a raba wannan da abin da kunne ya saba ji idan aka ce an rage siminti. Mai buga bulon da ya ƙara yashi domin buhu ɗaya ya ba shi bulo fiye da ƙima ya cire abin da ke ɗaure ginin ne bai mayar da komai a gurbinsa ba, kuma ƙarshen irin wannan gini sananne ne. A Stratford an cire wani kaso na siminti ne aka zuba wani gari da shi ma yake ɗaurewa, an auna shi da sikeli, kuma kowane kwaɓi sai an ɗebi samfurinsa an matse shi a injin gwaji an tabbatar ya kai ƙarfin da injiniya ya rubuta.

Matakin da ya fi kowanne tasiri a wannan aiki ba a ɗakin gwaje-gwaje aka ɗauke shi ba, a ofishin sayen kaya ne. Bisa al'ada kowane ɗan kwangila shi ke nemo mai kawo masa kankare, ya yi ciniki a kan farashi da lokacin kawowa, motoci su riƙa shigowa daga wurare daban-daban. ODA ta ƙi bin wannan hanya. Ta fitar da kwangila guda ta samar da kwaɓaɓɓen kankare ga filin baki ɗaya, ta sanya batun muhalli cikin ma'aunin tantance masu nema tare da farashi da inganci, kuma kamfanin Aggregate Industries ne ya yi nasara. An kafa masa injinan kwaɓi a cikin filin, dab da tashar sauke kayan jirgin ƙasa, ta yadda tsakuwa da yashi za su sauko daga tarago su shiga rumbu ba tare da sun hau titunan gabashin Landan ba. Tun kafin a fara ginin babban filin wasa a watan Mayun 2008 an riga an tsara jerin kwaɓe-kwaɓe iri-iri masu ɗauke da shara, an gwada su, an ajiye sakamakon inda injiniyoyin kowane gini za su iya dubawa.

Muhimmancin wannan yana bayyana ne idan aka dubi lamarin ta idon ɗan kwangila. Mutumin da aka ba ranar miƙa aiki, ranar da ba ta ɗaguwa domin duniya ta riga ta san za a kunna wutar wasanni a 27 ga Yulin 2012, ba shi da wani dalili na gwada kwaɓin da bai taɓa zubawa ba. Idan ya yi kyau babu wanda zai ƙara masa ko sisi, idan kuma ya ɓaci shi zai fasa ya sake da kuɗinsa. Shi ma mai sayar da kankare ba zai gina rumbu na musamman ya ɗaura yarjejeniya da masu jirgin ƙasa ba saboda gini ɗaya da ke buƙatar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da aka haɗa buƙatar filin duka a hannu ɗaya, wadda ta kai kimanin mita kubik 400,000, sai ya zama akwai riba a cikin yin tanadin, kuma nauyin gwaji ya sauka daga kan kowane magini shi kaɗai. A ganina wannan shi ne ainihin abin da Landan ta yi wanda ya cancanci nazari, domin kayan da aka zuba ɗin babu sabo a cikinsu. Injiniyoyi sun san su shekaru da dama kafin a yi maganar Olamfik. Rashin wanda zai ɗauki kasadar ne ya sa suke zaune a gefe.

Gari iri biyu aka yi amfani da su a madadin siminti. Na farko ita ce tokar kwal, wato lallausar tokar da ake tarewa a bututun hayaƙin tashoshin lantarki masu ƙona kwal kafin ta fita sararin sama. Ita kaɗai ba ta ɗaure komai. Amma idan siminti ya haɗu da ruwa, bayan sinadarin da ke riƙe tsakuwa, yakan bar ragowar farar ƙasa a cikin kankaren wadda ba ta ƙara masa wani ƙarfi, kuma wannan ragowar ce tokar ke ci a hankali tana mayar da ita abin ɗauri, tana toshe ƙananan kafofin da ruwa ke bi. Na biyu shi ne kashin maƙera na manyan tanderun narka ƙarfe, wanda ake kwararo shi yana narke a watsa masa ruwa ya daskare nan take kamar ɓarɓashin gilashi, sannan a niƙa shi ya yi laushin siminti. Shi yana da nasa ƙarfin ɗauri idan siminti ya tayar da shi, don haka ana iya zuba shi da yawa, har ya kai rabi ko kashi 70 cikin 100 a wasu ayyuka, alhali toka ba a cika wuce kashi 30 zuwa 40 da ita ba. Iskar kabon da ake lissafa wa tan guda na niƙaƙƙen kashin maƙera ba ta kai kilo 100 ba, ta toka kuwa ta fi haka ƙanƙanta nesa.

Duka biyun suna da wata fa'ida da ta dace da Stratford musamman. Kankaren da ke ɗauke da su ya fi jure wa gishirin ƙasa da sinadaran da ke cin siminti, kuma ba ya ɗaukar zafi sosai yayin da yake daskarewa, abin da ke rage tsagewa a manyan zubi masu kauri. A ƙasar da ta sha dattin masana'antu shekara da shekaru, turakun da aka kafa a ƙarƙashi da harsashin gini sun fi samun kariya da irin wannan kwaɓi fiye da tsantsar siminti. A nan babu wata jayayya, kuma a ƙarƙashin ƙasa aka fi sakin hannu wajen musanyawa.

Matsalar tana sama, inda lokaci da ido suke da ta cewa. Kankare mai toka ko kashin maƙera yana jinkirin yin ƙarfi a kwanakin farko, ko da yake daga baya yakan kamo ya ma wuce. A lokacin sanyin Ingila jinkirin yana ƙaruwa, kuma kowace rana da katakon zubi ya ƙara a jikin ginshiƙi kafin a cire shi rana ce da kafinta da mai ɗaura rodi suke jira, jadawalin aiki yana ja da baya. Sannan akwai launi. Toka tana sa kankare ya yi duhu, kuma launinta yana iya bambanta daga wannan kaya zuwa wancan, kashin maƙera kuwa yana sa shi ya yi haske. Ga ginin da za a shafe da filasta ko a rufe da wani abu wannan ba komai ba ne, amma sassa da dama na gine-ginen filin an zana su ne da kankare tsirara, wanda yadda ya fito daga katako haka miliyoyin mutane za su gan shi.

Ta ɓangaren tsakuwa, tunanin farko da zai zo wa kowa shi ne a niƙa ɓaraguzan gine-ginen da aka rushe a mayar da su cikin sabon kankare, tunda ga su nan a wurin. Ba haka aka yi da mafi yawansu ba, kuma dalilan suna da ƙarfi. Tsohon kankare idan aka farfasa shi, kowace tsakuwa takan fito da ragowar tsohon siminti manne a jikinta, wanda ke shan ruwa kamar soso, ya sa kwaɓi ya yi wuyar sarrafawa, ƙarfinsa kuma ya riƙa hawa da sauka. Ɓaraguzan tsofaffin masana'antu kuma a cakuɗe suke da jan bulo da kwalta da filasta da katako, kuma ƙa'idar kankare ta Birtaniya, BS 8500, ta taƙaita irin wannan tsakuwa zuwa kashi 20 cikin 100 na manyan tsakuwa a yawancin kwaɓin gini sai in injiniya ya amince da fiye da haka. Ga kuma batun lokaci da wuri: rusau ya zo da wuri, zubin kankare ya zo daga baya, kuma filin da kowane taƙi nasa ake aiki a kai ba shi da inda zai ajiye tsaunin ɓaraguzai na shekara biyu. Saboda haka aka niƙa su aka yi ciko da su, aka shimfiɗa su a ƙarƙashin hanyoyi, aka cika kejin waya da su a jikin gadoji da bakin kogi.

Tsakuwar da ta shiga kankaren da yawa daga wani wuri mai nisa ta fito, wato yankin Konwal da ke can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Tun tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da William Cookworthy ya gano farin yumɓun da ake yin tangaran da shi a yankin, ake haƙar wannan yumɓu a kewayen garin St Austell, kuma daga baya masana'antar takarda ta zama babbar mai sayensa. Yumɓun yana samuwa ne a cikin dutsen da ya ruɓe, kuma kafin a sami tan ɗaya nasa sai an fitar da kimanin tan 9 na abin da ba a so: yashi, da ƙasa, da guntayen dutse mai tauri wanda bai ruɓe ba. Shekara fiye da 200 ana tara wannan, har ya zama fararen tsaunuka da ake hangowa daga nesa. Guntayen dutsen nan, idan aka farfasa su aka tace, tsakuwa ce ta gaske mai ƙarfi, ba ta taɓa shiga siminti ba balle ta zo da ragowarsa. An riga an gwada ta a Landan a ginin One Coleman Street da aka kammala a 2007, don haka akwai shaidar da za a nuna wa mai shakka.

Ita ma ba ta rasa nata aibin ba. Tana ɗauke da ɓarɓashin wani ma'adini mai walƙiya da ke sa kwaɓi ya nemi ƙarin ruwa, kuma ƙarin ruwa a kankare yana nufin raguwar ƙarfi sai an gyara da sinadaran sassauta kwaɓi. Sannan tsakanin St Austell da Stratford akwai tafiyar kilomita 400 ko fiye. Da a tirela za a ɗauko ta, da hayaƙin man dizal ya cinye duk wata fa'ida ya bar bashi. Jirgin ƙasa ne kaɗai ya sa lissafin ya tsaya, kuma ko da jirgin, gaskiyar magana ita ce wannan tsakuwa ba ta rage iskar kabon wani abin kirki ba. Amfaninta shi ne kowane tan da aka ɗebo daga tsaunin shara tan ne da ba a fasa daga sabon dutse ba.

A Cibiyar Ninƙaya ne duk waɗannan abubuwa suka haɗu suka gwada juna. Ginin, wanda Zaha Hadid ta zana kuma kamfanin Balfour Beatty ya gina daga watan Yulin 2008 zuwa Yulin 2011, shi ne wanda ya fi kowanne tsananin buƙata a kan fuskar kankare. Bangayensa masu lanƙwasa ne, dakalan tsalle cikin ruwa kuma an zuba su ne a siffar da ke tasowa daga ƙasa tana karkata, kuma babu fenti ko tayil da zai ɓoye kuskure. Masu zanen suna son fuska mai santsi da launi ɗaya, masu kula da muhalli suna son a zuba shara gwargwadon iko, ɗan kwangila kuma yana kallon kalanda. Da aka fara da kaso mai yawa na kashin maƙera a sassan da ido zai gani, fuskar da ta fito ba ta gamsar ba. A irin wannan gaɓa ce yawancin ayyuka ke komawa ga tsantsar siminti, a rubuta a rahoto cewa an gwada bai yiwu ba, kuma babu wanda zai zarge su.

Ba a yi haka ba. An ci gaba da zuba bangayen gwaji ana sauya kaso, ana duba yadda kowanne ya fito daga katako, har aka tsaya a kan kwaɓin da kashi 40 cikin 100 na simintinsa kashin maƙera ne, kuma har kashi 76 na manyan tsakuwarsa daga sharar Konwal suke, ya kuma ba da fuskar da masu zanen suka amince da ita. A ƙarshe wannan gini kaɗai ya kauce wa fitar da iskar kabon fiye da tan 4,000, ya kuma maye gurbin sabuwar tsakuwa fiye da tan 29,000, kimanin kashi 28 cikin 100 na abin da ya ci. Ina ganin darajar wannan ta wuce alƙaluman. Hujjar da aka fi kafawa a kan kankare mai shara ita ce ya dace da harsashi da abin da za a binne, bai dace da inda ake son kyau ba. Bayan an zuba shi a ginin da ya fi kowanne tsaurin ido a filin, kuma kyamarorin duniya suka haska shi mako biyu ba wanda ya ga aibu, wannan hujja ta yi rauni ƙwarai a Birtaniya.

Da aka tattara lissafin filin gaba ɗaya, rahoton da hukumar ta fitar ya nuna cewa kimanin tan 170,000 na tsakuwa da yashin da suka shiga kwaɓaɓɓen kankare daga shara suka fito, wato kusan kashi 22 cikin 100. Kusan kashi ɗaya cikin uku na siminti an musanya shi. Iskar kabon da aka kauce wa ta kai kimanin tan 30,000, ragin kashi 24 cikin 100 idan aka kwatanta da kankaren da aka saba zubawa a ƙasar, kuma jigilar jirgin ƙasa ta hana zirga-zirgar manyan motoci fiye da 70,000 a titunan unguwannin da ke kewaye. Ɓaraguzan rusau kuwa, fiye da kashi 98 cikin 100 ba su je juji ba.

Waɗannan alƙaluma suna buƙatar a karanta su da natsuwa. Kashi 22 bai kai kashi 25 da aka yi alkawari ba. Filin ya haye wannan ma'auni ne idan aka haɗa da tsakuwar ciko da ta ƙarƙashin hanya, inda zuba ɓaraguzai ba shi da wuya. A cikin kankaren gini kansa, duk da mai kawowa guda da tashar jirgi a ƙofa da hukuma mai matsa lamba, an tsaya ƙasa da abin da aka nufa. Wannan yana nuna iyakar abin da za a iya tsammani a aikin da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan gata. Haka kuma kashi 98 ɗin nan na ɓaraguzai kusan dukkansa niƙawa ne. Abin da aka ciro da hannu aka sake amfani da shi a yadda yake, kamar jan bulo da duwatsun gefen titi da ƙarafan rufi, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma ƙungiyar BioRegional da ta yi aiki a kan tsarin muhallin wasannin ta nuna wannan gibi a fili. Jan bulon da aka gasa da wuta shekara 100 da suka wuce, mai iya sake wata shekara 100 a jikin bango, idan aka niƙa shi aka yi ciko an kuɓutar da shi daga juji, amma an zubar da duk wutar da aka ƙona wajen yin sa.

Sai kuma girman abin a cikin hoton gaba ɗaya. Ƙiyasin farko na iskar kabon da wasannin za su haifar ya kai tan miliyan 3.4, wanda gine-gine ke da kusan rabinsa. Tan 30,000 bai kai kashi 1 cikin 100 na wannan ba. Ita kanta Cibiyar Ninƙayar da ta yi fice wajen kwaɓi tana ɗauke da rufi mai tsawon mita 160 wanda ya ci ƙarfe kimanin tan 3,000, alhali zauren tseren keke da ke cikin filin ɗaya an rufe shi da ragar igiyoyin ƙarfe mara nauyi, wadda ta rage ƙarfen rufin ta kuma rage girman harsashin da zai ɗauke shi. An yi zanen Cibiyar Ninƙayar tun 2004, kafin a rubuta tsarin muhalli, don haka masu kwaɓi sun zo ne suna gyara a cikin iyakar da aka riga aka shata musu. Wannan ba ya rage darajar abin da suka yi, amma yana nuna cewa yawan kankare da ƙarfen da gini zai ci ana yanke shi ne a teburin zane, kuma kwaɓi mai kyau ba ya iya mayar da abin da zane ya riga ya kashe.

Akwai kuma yanayin ƙasar da ya taimaka wanda ba hukumar ce ta samar da shi ba. Tun 1996 Birtaniya ke karɓar haraji a kan duk abin da aka kai juji, kuma a watan Afrilun 2002 ta sanya wani harajin na fam 1.60 a kan kowane tan na sabuwar tsakuwa da yashi, wanda ya kai fam 2 a 2009, aka kuma keɓe sharar farin yumɓu da tsakuwar da aka sake sarrafawa daga biyansa. Wannan rangwame yana daga cikin abin da ya sa ɗauko dutse daga Konwal zuwa Landan ya zama ciniki mai yiwuwa.

Abin da ya fi sauya ma'anar wannan lamari ya faru ne bayan an watse daga wasannin. A 2012 kusan kashi 40 cikin 100 na lantarkin Birtaniya daga kwal yake, don haka toka tana nan a wadace, tanderun narka ƙarfe kuma suna aiki a wurare da dama. Masana'antar ƙarfe ta Redcar ta rufe a 2015. A ranar 30 ga Satumban 2024 aka kashe tashar Ratcliffe-on-Soar, wadda ita ce tashar kwal ta ƙarshe a ƙasar, kuma a wannan ranar ce aka kashe tanderu na ƙarshe a masana'antar ƙarfe ta Port Talbot da ke Wales, aka bar na Scunthorpe kaɗai. Ga muhalli rufe tashoshin kwal ci gaba ne babba, kuma babu mai hankalin da zai so a ci gaba da ƙona kwal domin a sami toka. Amma garin nan biyu da suka samar da babban kaso na ragin hayaƙin da aka yi a Stratford sharar masana'antu ne masu hayaƙi, kuma suna ƙarewa tare da masana'antun da ke haifar da su. Injiniyan da ke son maimaita kwaɓin Cibiyar Ninƙaya a Landan a yau zai dogara ne ƙwarai da kashin maƙeran da aka shigo da shi ta jirgin ruwa daga wasu ƙasashe, inda masu gini na can su ma suke nemansa, kuma duk tan da ya saya tan ne da wani gini a wani wuri ya rasa, ba sabon ragi ba ne ga duniya.

Saboda haka hankalin masana'antar ya karkata zuwa wasu wurare. Ana ƙoƙarin tono miliyoyin tan na tsohuwar tokar da aka binne a kusa da tashoshin da aka rufe, a busar da ita a tace ta ta koma kasuwa. A 2023 an sabunta ƙa'idar BS 8500 domin ba da damar haɗa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa da toka ko kashin maƙera a kwaɓi guda, ta yadda ɗan abin da ya rage zai kai nesa. Ana kuma gwada gasasshen yumɓu, wanda ake gasawa a zafin kusan digiri 800 kuma ba ya sakin iskar kabon daga jikinsa yadda dutsen farar ƙasa ke yi, kuma yumɓun da ya fi dacewa da wannan aiki dangin wanda ake haƙa a Konwal ne. Tsakuwar Konwal ɗin kuwa, daga cikin kayan da aka zuba a filin, ita ce wadda ba a fargabar ƙarewarta nan kusa, domin abin da aka tara a kewayen St Austell ya fi ƙarfin abin da jiragen ƙasa za su iya kwashewa a shekaru masu yawa.